Mesar Sarauta Ba Sarƙar Wuya Ba Ce

Akwai wani yayi da ya cika TikTok da Instagram a ƙasashen Turawa, har ya fara leƙowa cikin wayoyin yaranmu. Matashi zai kafa kyamara, ya yanke kwalin da aka aiko masa, ya kwance bakin wani ɗan buhun yadi, ya zazzago ƙaramar mesa a tafin hannunsa. Kafin minti biyar ya rataya ta a wuya, ya miƙa wa ƙanensa, ya miƙa wa abokinsa, kowa yana yaba sanyin halinta. Ita kuwa ta yi gammo, ta cusa kanta a tsakiyar jikinta, ko motsi ba ta yi. Duk sanda na ga irin wannan bidiyo sai raina ya sosu, domin na san ma'anar wannan gammon. Tsoro ne ya kai mata iya wuya.

Ni ma ban tashi da son maciji ba. A garinmu in aka ce ga maciji, kowa sanda yake nema, kuma da dalili. Kububuwa da kasa da gamsheƙa sun sa gidaje da yawa zaman makoki, wanda ya taɓa leƙa asibitin masu saran maciji na Kaltungo a Jihar Gombe da damina ba ya bukatar a yi masa dogon bayani. Sai da zama ya kai ni Ingila, wani abokin aikina da zai bar ƙasar ya rasa wanda zai riƙe masa tasa, na karɓa da ɗari-ɗari. Yau shekara bakwai ke nan tana hannuna, kuma abin da zan faɗa a nan daga wurinta na koye shi.

Wannan mesa 'yar gida ce. Masana suna kiranta Python regius, kuma wani masanin dabbobi ɗan Ingila, George Shaw, shi ya fara bayyana ta a rubuce a 1802. Mutanen Ingila suna ce mata mesar sarauta, Amurkawa kuma mesar ƙwallo, saboda yadda take dunƙulewa in ta tsorata. Asalinta dazuzzuka da gonakin Afirka ta Yamma da ta Tsakiya ne, tun daga Senegal, ta ratsa Ghana da Togo da Benin da Najeriya da Kamaru, har zuwa Uganda. Ba ta da dafi. Da wuya ta wuce mita ɗaya da rabi, don haka kada a haɗa ta da babbar mesar nan mai haɗiye akuya. Yini take yi a cikin ramin ɓera ko a cikin suri, inda akwai duhu da ɗumi da danshi, sai dare ya yi ta fito neman kusu. A garin Wida na Jamhuriyar Benin akwai ɗakin bauta da aka keɓe mata, a yankin Idemili na Jihar Anambra kuma ba a kashe mesa, in ta mutu har binne ta ake yi da girmamawa. Manomi kuwa, ko ya sani ko bai sani ba, mai gadin rumbunsa ce.

Daga waɗannan gonaki ta zama ɗaya daga cikin macizan da aka fi kiwo a duniya. Tun daga shekarun 1970 an fitar da fiye da miliyan uku daga Afirka ta Yamma, galibi daga Togo da Benin da Ghana. Mafarauta suna tone ramuka su kwaso mata masu ƙwai, a ƙyanƙyashe a gonakin 'yan kasuwa, a tura 'ya'yan Amurka da Turai a jirgin sama. A 1992 wani mai kiwo a Amurka, Bob Clark, ya samar da zabiyar mesar sarauta ta farko da aka haifa a hannun mutane. Tun daga nan kasuwa ta koma kasuwar launi: fara fat, ruwan ayaba, mai rodi-rodi, kowanne da sunansa da farashinsa. A babbar kasuwar dabbobi masu jan ciki da ake ci a garin Hamm na Jamus, za ka gan su jere a 'yan robobi kamar kayan koli. A nan cutar ta samo asali. Wanda ya sayi launi, so yake ya nuna launi, kuma ba zai iya jira ba.

Ra'ayina a taƙaice shi ne: mako biyun farko na mesar ne, mai ita ba shi da rabo a ciki. Hausawa sun san haƙƙin baƙo. In ya sauka ana ba shi ruwa, a nuna masa masauki, a bar shi ya huta, ba a tsare shi da hira tun ƙurar hanya tana ƙafarsa. Mesar da ta iso gidanka ta kwana a buhu, an jijjiga ta a mota, duk ƙanshin da ta sani ya ɓace. Da harshe take sanin duniya, tana zaro shi tana ɗanɗana iska, kuma a sabon wuri babu abin da harshen yake gaya mata sai haɗari. A daji, duk abin da ya sauko mata daga sama ya ɗaga ta, shaho ne ko wani mai cin ta. Hannunka a ranar farko bai bambanta da faratan shaho ba.

Saboda haka aikin yana farawa tun kafin ta zo. A shirya akwatinta da mako guda, a kunna abin ɗumamawa, a riƙa duba ma'auni safe da yamma. Maciji ba ya iya ɗumama jikinsa da kansa, da zafin wuri yake narkar da abinci. Gefe ɗaya ya kasance kusan digiri 31 zuwa 32 a ma'aunin Salshiyos, ɗaya gefen kuma wajen 25 zuwa 26, domin ta zaɓi inda jikinta yake so. Duk abin da ke ba da zafi dole a haɗa shi da na'urar daidaita zafi, in ba haka ba sai ta kwanta a kai ta ƙone cikinta ba ta ankara ba. Danshin iska ya tsaya wajen kashi 60 cikin ɗari, a ƙara shi lokacin saɓa. A sa maɓoya biyu, ɗaya a gefen ɗumi ɗaya a gefen sanyi, kowacce matsattsiya yadda jikinta zai taɓa bango ta ko'ina, kamar ramin da ta gada. A sa kwanon ruwa mai nauyi, da rassa, da ganye, yadda za ta ratsa daga wannan gefe zuwa wancan ba tare da ta ji tana fili ba. In akwai wasu macizai a gidan, a keɓe ta a wani ɗaki na wata biyu ko uku, a shimfiɗa mata farar takarda don a ga ƙananan baƙaƙen ƙwarin da ke shan jinin maciji in ta zo da su.

In ta iso, a sa ta a ciki a rufe. Shi ke nan. A canza ruwa, a duba ma'auni, a ja da baya. Bayan mako ɗaya a gwada ta da abinci da daddare, mataccen ɓera da aka narkar daga firiza aka ɗumama shi, domin a leɓenta na sama akwai 'yan ramuka da take jin ɗumin abin farauta da su. Ɓera mai rai yakan juya ya ciji maciji har ya yi masa mummunan rauni. Sai ta ci sau biyu ko uku a jere, sannan a fara maganar ɗauka. Cin abinci shi ne hanyar da take shaida maka cewa hankalinta ya kwanta.

Na san wannan ne da tsada. A watan farko na ba tawa abinci, washegari baƙi suka zo suna son gani, na ciro ta. Da dare ta amayo ɓeran ɗungurungum. Likitan dabbobi ya ce in bar ta mako biyu ba abinci, domin amai yana ƙona maƙogwaron maciji, kuma in ya maimaitu yana iya kashe shi. Ta yi wata biyu ba ta sake karɓar komai ba. Ba ta sare ni ba, ba ta yi huci ba, shiru kawai ta yi tana rama. Wannan shirun shi ne yake yaudarar mutane. Kare yana kuka, kyanwa tana yaƙushi, mesar sarauta kuwa ba ta da fatar ido da za ta runtse, ba ta da muryar da za ta kai ƙara. Sai mai ita ya ɗauka lafiya ƙalau ake zaune.

In lokacin ɗauka ya yi, shi ma da ladabinsa. A wanke hannu kafin a taɓa ta, kada ta ji warin ɓera ta ɗauka yatsa abinci ne. A fara shafa tsakiyar jikinta a hankali ta san an zo. A zura hannu ta gefe a tallabo ta daga ƙasa da hannu biyu, kada a damƙo ta daga sama, kada a taɓa kai, kada a riƙe wutsiya a bar jiki yana reto. Minti biyar ya isa a farko, sau ɗaya ko biyu a mako, a zaune kusa da ƙasa don ko ta suɓuce. In ta saki jiki tana tafiya a hankali tana zaro harshe, to ta samu natsuwa. In ta dunƙule, ko ta sandare, ko ta lanƙwasa wuya ta ja kai baya, a mayar da ita. Ba a ɗaukar ta sai an yi awa 48 bayan ta ci. Ba a ɗaukar ta in idonta ya yi hazo-hazo, alamar saɓa ta gabato, domin a lokacin ba ta gani sosai. Bayan an ajiye ta a sake wanke hannu da sabulu, saboda macizai suna ɗauke da ƙwayar cutar salmonela, wadda take da haɗari ga yara 'yan ƙasa da shekara biyar da masu ciki da tsofaffi. Sumbatar maciji don hoto wauta ce da kan kai mutum gadon asibiti.

Masu wancan yayin suna da hujjarsu. Suna cewa sai an yawaita ɗauka tun farko take sabawa, in an ƙyale ta za ta zama mai faɗa. Na yarda sabo yana da amfani, domin dole wata rana a duba bakinta, a auna nauyinta, a kai ta wurin likita. Amma sabo da tilas ba ya zama sabo. Dabbar da ta gaji da tsoro ta daina motsi ba ta yarda da kai ba, ta dai rasa mafita ne. Kuma mu faɗa wa kanmu gaskiya: mesa ba za ta ƙaunace ka yadda doki yake sanin ubangidansa ba. Iyakar abin da za ka samu shi ne ta gane warinka, ta san ba ka cutarwa. Ɗauka don jin daɗinka ne, ita haƙuri take yi da kai. Wanda ya gane haka zai rage hannu da kansa.

Wannan son gani da nunawa shi ne kuma ya haifar da wasu ɓarnar guda biyu. Ta farko, ajiye macizai da yawa a durowoyin roba jere kamar ma'ajiyar takardu, inda ba za su iya miƙe jiki ko hawa reshe ba. Wani bincike da aka yi a Jamus aka wallafa a 2021 ya gwada durowa da babban akwati mai kayan hawa da ɓuya, ya gano cewa a babban akwatin mesar tana nuna ɗabi'unta iri-iri, har da hawa da shan ɗumin fitila. Ta biyu, ci gaba da hayayyafa wani launi mai zanen saƙar gizo-gizo, alhali an san yana zuwa da lalurar da ke sa kan macijin rawa da juyawa, wani har ya kasa saitin abinci. Kyan fata bai kai a haifi dabba da ciwo saboda shi ba. A Ingila dokar kula da dabbobi ta 2006 ta ɗora wa mai dabba nauyin ba ta muhalli da abinci da damar yin ɗabi'arta, amma doka ba ta shiga ɗakin kowa da dare. Imani ne yake shiga.

Ga 'yan'uwana na gida da wannan yayi ya fara burgewa, ina da jan hankali. Kasancewar mesar 'yar ƙasarmu ce bai sa ɗakinka ya zama suri ba. Iskar hunturu tana busar da ita har saɓa ta manne mata a ido da wutsiya, zafin bazara a ɗakin kwano yana iya kashe ta a yini ɗaya, wutar lantarki kuma ba ta da tabbas. Wadda aka tono daga daji aka kawo kasuwa takan zo da kaska da tsutsar ciki, sau da yawa ta ƙi cin abinci har ta mutu, kuma kowace da aka saya ragi ce a gonar wani. Sannan a lissafa shekaru. Takan yi 20 zuwa 30 a hannun mutane. A 2020 wata da ke gidan namun daji na Saint Louis a Amurka ta yi ƙwai bakwai tana da kimanin shekara 62. Yaron da ya saye ta yana aji ɗaya a jami'a, zai iya aurar da 'yarsa tana nan da rai.

Hukuncin kiwon maciji na bar wa malamai. Amma duk mun san hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ta nemi nata ba. Duk mai rai da ka tsare, amana ce a wuyanka, ko da ba shi da bakin magana. Don haka, ɗan'uwa, in ba za ka iya yin mako biyu kana kallon akwati ba tare da ka ɗauko mesar ba, kada ka saya. In kuwa ka riga ka saya, ajiye wayar, rufe murfin, ka bar baƙuwar nan ta huta.