Nazari Kan Binciken Ciwon Ƙoda a Ƙasar Haɗejiya

Duk wanda ya zauna a Guri, ko Kirikasamma, ko garuruwan Bade da ke ƙetaren iyaka cikin Jihar Yobe, ya san yadda ciwon ƙoda ya zama abin zance a zauren ta'aziyya, domin sau da yawa magidanci yana cikin ganiyar ƙarfinsa, ƙafa ta kumbura, fuska ta tasa, a garzaya da shi Haɗejiya, can kuma a ce babu sauran dabara sai wankin ƙoda. Masana sun daɗe suna bahasi a kan sababin wannan annoba, kuma hanyar bahasin nasu ita ce abin dubawa a nan.

Abubuwan da ake tuhuma suna da yawa. Akwai dagwalon majemun Kano da ke Sharaɗa da Chalawa, wanda kan gangara ya haɗu da ruwan da ke zuwa Kogin Haɗejiya. Akwai maganin feshi na gonakin shinkafa, da ƙishirwar manomi a tsakiyar rani, da ƙwayoyin kashe ciwon jiki da jiƙe-jiƙen da ake sha ba bisa ƙa'ida ba, ga kuma hawan jini da ciwon suga. Kowanne yana da fuskar hujja, amma malaman usulu sun koya mana cewa zato, komai ƙarfinsa, bai kai matsayin yaƙini ba. A ƙasashen Balkan na Turai an bayyana irin wannan ciwo a ƙauyukan bakin kogi tun shekarun 1950, aka yi kusan rabin ƙarni ana zargin ruwa da ƙasa, kafin a tabbatar cewa dafin wata ciyawa ne da irinta ke cakuɗuwa da alkama, dafin da ke kashe ƙoda ya kuma haddasa sankarar hanyar fitsari.

Babbar illar bincikenmu, a nawa ganin, ita ce yawancinsa a ƙofar asibiti ake yin sa, alhali kuwa wanda ya iso can ciwon ya riga ya ci ƙarfinsa. Jama'armu sun yi imani da hoto ƙwarai, har majiyyaci kan ga ba a duba shi ba in ba a yi masa ba. Likita zai shafa masa mai a kwiɓi, ya ɗora kan na'ura, sai ƙodar da ya kamata ta kai santimita 10 ko 11 ta bayyana a allo ta tsuke ta yi fari. To, wannan ganin toka ne bayan gobara; bai faɗi wanda ya kunna wutar ba.

Ba wai hoton ba shi da fa'ida ba ne. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Chalawa a 1992 tafiyar ruwa ta sauya, kacala ta toshe magudanai, ruwa ya riƙa kwanciya inda katantanwa mai ɗauke da tsargiya ke yaɗuwa. Yaro mai fitsarin jini, wanda a da wasu kan ɗauka alamar balaga ce, hoto na iya nuna kaurin bangon mafitsararsa da toshewar da ke kumbura ƙoda, tun maganin Praziquantel yana iya amfani, tun kuma abin bai rikiɗe ya zama ciwon daji ba bayan shekaru.

Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ya fara dashen ƙoda a 2002, abin alfahari ne, sai dai masuncin Guri ba shi da halin kaiwa nan. Abin da ya fi dacewa da shi shi ne gwajin fitsari da awon jini a ƙaramin asibitin garinsu, da kundi da za a riƙa rubuta sana'ar kowane majiyyaci, da ruwan da yake sha, da maganin da ya saba haɗiya. Muna roƙon hukumar lafiya ta Jigawa da jami'o'inmu su fito da binciken nan fadama, su auna masu lafiya shekara bayan shekara, kafin rani da bayansa.