Gwanin da Ke Gyara Kwamfutar da Ba Ya Gani

Akwai kwamfutoci da yawa da ba a sake jona musu allo ba tun ranar da aka girka su. Suna can cikin kabad a sito ko a kan kanta a ɗakin na'urori, ba allo, ba madannai, ba linzami, sai wayar wuta da ta netwok. Wata tana riƙe da bayanan marasa lafiya, wata hotunan kyamarorin tsaro, wata lissafin kantin magani. Mai kula da su daga nesa yake shiga: ya buɗe manhaja a tasa kwamfutar, fuskar waccan ta bayyana gabansa kamar yana cikin ɗakin. Ranar da ya shiga ya tarar da baƙi ƙirin, ko manhajar ta yi ta juyi ta ƙi haɗawa, ranar ce ake sanin gwani. Ni dai a cikin ma'aikatan kwamfuta babu wanda aikinsa ke burge ni kamar wannan, domin abin da kowane mai gyara ke fara dogara da shi, wato ya dubi allo ya karanta ƙorafin na'ura, shi ne ainihin abin da ba shi da shi. Aikinsa irin na maɗori ne, wanda ke gane inda ƙashi ya karye ta hanyar lalube da tambaya.

Ɗan koyo idan ya ga baƙin allo, sai ya hau goge manhaja yana sake girkawa. Gwani kuwa tambayoyinsa a jere suke, kuma daga ƙasa yake farawa. Na'urar tana kunne? Ta gama tashi? Tana kan netwok? Ƙofar shiga a buɗe take? Sai ya samu amsar waɗannan sannan ya zo kan batun hoto. Sau da yawa ma da idon wani yake fara gani. Yana Kano, kwamfutar tana wani ofis a Gusau, sai ya buga wa mai gadi waya.

"Baba, don Allah a taimaka a leƙa bayan baƙin akwatin nan. Inda shuɗiyar waya ta shiga, akwai 'yar fitila?"

"Akwai, Injiniya. Koriya ce, tana ƙiftawa."

"Madalla. A sa hannu ta baya, ana jin iska tana fitowa?"

Da waɗannan tambayoyi biyu ya san wuta ta isa, fanka na juyawa, wayar netwok kuma ba ta zare ba. Iya tsara tambayar da wanda bai san kwamfuta ba zai amsa daidai, shi ma wani ɓangare ne na sana'ar, kuma ba kowa ya iya ba.

A wajenmu matakin farko yana cin mutane fiye da sauran, saboda ɗauke wuta. Kwamfuta da yawa idan wuta ta dawo ba sa tashi da kansu, sai an danna maɓalli. Akwai saiti a cikin BIOS da ke umartar ta ta kunna kanta da zarar wuta ta dawo, kuma gwani ba ya barin na'ura ba tare da ya kunna shi ba. Ya kuma san ɗan batirin nan mai kama da kwabo, CR2032, da ke riƙe agogo da saitin. In ya mutu, saitin ya goge, wata na'urar ma sai ta tsaya tun kafin Windows ko Linux ya fara tashi, tana jiran a danna F1 a madannan da babu su. Haka na'urar da aka kulle ma'ajiyarta da kalmar sirri kan tsaya cak tana jira, fanka na juyawa, fitila na ci, amma ba ta kai ga netwok ba tukuna.

A matakin netwok kuwa, gwani ya san shiru iri-iri ne. Ya aika ping, wato saƙon gwaji, bai ji amsa ba, ba zai yanke hukuncin cewa na'urar ta mutu ba, domin katangar tsaron Windows takan ƙi amsa ping alhali komai lafiya. Sai ya shiga rauta ya duba jerin na'urorin da ke haɗe, ko an sauya mata adireshi bayan ɗauke wutar jiya. Sannan ya ƙwanƙwasa ƙofofin hanyoyin shiga daga nesa da lambobinsu: 22 ta SSH, 3389 ta RDP, 5900 ta VNC. Idan an mayar masa da ƙi nan take, labari ne mai daɗi, ma'ana na'urar tana raye, manhajar da ya kamata ta tsaya a ƙofar ce ba ta tashi ba. Idan kuwa ya jira har lokaci ya ƙare ba amsa, to ko dai katanga ce ke haɗiye saƙon, ko babu kowa a adireshin.

Inda na fi jin daɗin kallon aikinsa shi ne lokacin da komai ya haɗu, kalmar sirri ta karɓu, amma hoto ya zo baƙi, ko ya zo ɗan mitsitsi har maɓallan "to" da "fasa" sun faɗa waje. A nan ne sanin yadda abin ke aiki yake raba gwani da mai kame-kame. Allo ba karɓar hoto kawai yake yi ba, magana yake yi da kwamfuta. A cikinsa akwai ɗan bayani da ake kira EDID, tsarin da ƙungiyar VESA ta fitar a 1994, wanda asalinsa bayit 128 ne kacal. Da zarar an jona waya, allon zai faɗa wa katin hoto sunansa da irin faɗi da tsawon hoton da yake iya ɗauka. A wayar HDMI ma, cikin filoli 19 da ke bakinta, na ƙarshe aikinsa shi ne sanar da cewa an jona wani abu. In babu allo, babu wannan magana, sai katin hoto ya ga ba shi da wanda zai zana wa. Wani ya koma ƙaramin hoto, wani ya daina zanen baki ɗaya.

Manhajojin shiga daga nesa kuma gida biyu ne. Akwai masu kwafo abin da ke kan allon na'urar su aiko maka, irin su TeamViewer da AnyDesk, da yawancin VNC, wadda aka ƙirƙiro a wani ɗakin bincike na kamfanin Olivetti a Kambirij ta Ingila a shekarun 1990. Waɗannan in ba a zana komai ba, baƙin za su kwafo maka da gaskiyarsu. RDP ta Microsoft kuwa, wadda ta fito a 1998, allonta take ginawa na kanta daidai girman naka, don haka rashin allo bai cika damunta ba, sai dai Windows na gida, wato Home, ba ya karɓar baƙo ta wannan hanya. Gwani yana jin an ce "baƙi nake gani", tambayarsa ta farko ita ce da wace manhaja aka shiga.

Maganin da ya fi sauƙi ɗan toshi ne na HDMI wanda bai kai ɗan yatsa ba. Ba komai a cikinsa sai ƙaramar ma'ajiya mai ɗauke da EDID, a soka shi a baya, katin hoto ya ɗauka allo ne ya ci gaba da zane. Masu ajiye Mac mini a matsayin saba sun daɗe suna amfani da shi, domin ba tare da allo ba hoton yakan zo da nauyi. Kafin ya yawaita, a zamanin VGA, resisto uku masu ohm 75 ake sokawa a ramukan launin ja da kore da shuɗi, a samu biyan bukata. Amma toshi sai an je wurin, gwani kuwa yakan gama aikin daga kujerarsa. Ta SSH, wadda Tatu Ylönen ya rubuta a Finland a 1995, yake shiga, hanyar da rubutu zalla ce ba ruwanta da hoto. In na'urar Linux ce, ya buɗe kundin rahoton Xorg, manhajar da ke kula da zanen allo, ya tarar da layin da ke cewa ba a samu allo ko ɗaya ba, sai ya girka direban allon boge, ko ya tayar da irin VNC ɗin da ke gina nata allon. A tsofaffin tsarin ƙaramar kwamfutar Raspberry Pi layi ɗaya ne a fayil ɗin config.txt ke tilasta wa HDMI aiki. Da tsarin ya koma Wayland, wata hanyar zanen allo, a 2023 dabarar ta sauya, kuma wanda ya haddace layin ba tare da fahimtar dalilinsa ba nan ya tsaya.

Manyan saba sun zo da maganinsu a jiki. Dell na da iDRAC, HPE na da iLO, wata 'yar kwamfuta ce a cikin babbar, mai tata wayar netwok, wadda ke nuna maka har BIOS, ta kuma kunna na'urar ko a kashe take. Ƙananan ofisoshi ba kasafai suke da irin wannan ba, shi ya sa taka-tsantsan ɗin mai kula ke tsaya musu a madadinta. Ba ya taɓa saitin katanga ko adireshi daga nesa sai ya tabbatar da wata hanya ta biyu a buɗe, don kada ya kulle kansa a waje. Ba ya kuma barin ƙofa ta 3389 a buɗe ga intanet don neman sauƙi. Ramin tsaron da aka sa wa suna BlueKeep a 2019 ya nuna cewa ana iya shiga tsofaffin Windows ta nan ba tare da kalmar sirri ba, don haka ta VPN, wata killatacciyar hanya, yake bi.

Duk ranar da ya girka sabuwar na'ura, ba ya tafiya sai ya yi mata jarrabawa. Zai zare allo da madannai, ya zare wayar wuta daga soket kamar an ɗauke, ya mayar, bai taɓa maɓalli ba. Sai ya fita waje, ya kashe Wi-Fi na ofishin a wayarsa, ya gwada shiga da datarsa. In hoto ya zo cikakke, ya yi sallama da mai gadi ya kama hanya. In bai zo ba, ya koma ciki ya sake jona allon.