Wikipedia ta Hausa da Hausawan Sudan: Sharhi

Wikipedia, wadda aka kafa a 2001, kundin sani ne da 'yan sa-kai ke rubutawa. Kowa na iya gyara aikin wani, kuma kowane gyara yana nan ajiye a tarihin shafi. A sashen Hausa, ɗalibi zai fi saurin ganin saɓanin editoci a ƙa'idar rubutu: wannan ya rubuta 'ya'ya irin ta Nijeriya, wancan ya mai da ita ƴaƴa irin ta Nijar, na uku ya zubar da lanƙwasar ƙ da ɗ, ƙasa ta koma kasa. Wannan saɓani mai sauƙi ne, tunda kowane ɓangare yana nan zai kare kansa.

Raunin aikin yana wajen waɗanda ba a jin muryarsu. Ɗauki Hausawan Wad Haddad da sauran ƙauyukan Jazira da Sinnar a Sudan. Da yawansu jikokin mahajjata ne, wasu kuma na waɗanda suka bi Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, bayan yaƙin Burmi na 1903. Da Larabci suke karatu, rubutun boko baƙo ne gare su. Hausarsu ta ari kalmomin Larabcin Sudan, waɗanda editan Kano zai iya ɗauka kuskure ne ya goge da kyakkyawar niyya. Ga kuma dokar kafa hujja da abin da aka buga, alhali yawancin tarihin waɗannan ƙauyuka a bakin dattawa yake.