Layi Shida da Suka San Maraɗi

Ƴan'uwa masu buga kod a Yamai, ku matso kusa. Wata guda ke nan da wani aboki ya turo mini guntun JavaScript, layi shida kacal, kuma har yau ban gaji da kallonsa ba.

Kun san ciwonmu. Jerin garuruwa ɗaya, rubutu iri biyu: ga Filingué da Tillabéri da hular Faransanci a kan e, ga Maraɗi da ɗ mai lanƙwasa. Mutum ya buga "maradi" da kibod ɗin AZERTY, akwatin nema ya ce babu. Maraɗi fa!

Dabarar da kowa yake kwafa ita ce normalize("NFD"), wadda ta shigo JavaScript a 2015: tana raba é da hularta, sai replace ya share hular. Ta yi wa Filingué magani sarai. Amma a wurin Unicode ɓ, ɗ, ƙ da ƴ ba masu hula ba ne, kowanne harafi ne mai cin gashin kansa, ƙ na zaune abinta a U+0199, don haka NFD yakan wuce su ko kallo babu. Nan ne gwanin nawa ya shigo da ɗan teburinsa, tsaf-tsaf, mara nauyi, mai sauƙin karantawa, ya bi da toLowerCase, ya haɗa Ƙ da ƙ da k a mabuɗin nema guda. Kai, madalla!

Abin da ya fi tafiya da ni shi ne layi na biyar. Mu muna rubuta ƴaƴa, mutanen Kano suna rubuta 'ya'ya, waya kuma takan lanƙwasa waƙafin saman yadda ta ga dama. Duk ukun yana gane su. Wanda ya rubuta wannan ya sha wahalar da muka sha, na rantse.

Ƙorafina ɗaya, kuma ba da guntun ba ne, da masu kwafarsa ido rufe: suna ajiye sunan da aka aske cikin rumbun bayanai, baƙi ya koma baki, ƙasa ta koma kasa. Haba! Don nema aka yi shi, ainihin rubutu a bar shi da ƙugiyoyinsa.

Mutanen PHP, ku ma ga naku: strlen yana ƙirga Maraɗi bakwai, domin ɗ bayit biyu take ci a UTF-8, mb_strlen ne zai ba ku shida. Wanda ya riga ya juya guntun nan zuwa PHP, don Allah ya turo mini yau ɗin nan.