Gadar Pen Cinema: Kwalliya Ta Biya Kuɗin Sabulu Kuwa?

Tun watan Maris na 2021 da Gwamna Babajide Sanwo-Olu ya buɗe gadar sama ta Pen Cinema a nan Agege, mun ga ranakunta na aiki, mun ga na Sallah, mun ga na damina. Lokaci ya yi da za mu auna ta, mu ga abin da ta kawo da abin da ta rage.

Mu fara da gaskiya. Wanda ya san Pen Cinema kafin 2017, shekarar da gwamnatin Akinwunmi Ambode ta fara aikin, ba zai ce gadar ba ta yi rana ba. A da duk motar da ta fito daga titin Oba Ogunji, da ta Iju, da ta tsohuwar hanyar Abeokuta, a mashigin layin dogo guda suke haɗuwa. Jirgi ya taho a tare hanya, kowa ya tsaya cak. Yanzu gadar mai tsawon kusan kilomita 1.4 ta ɗauke mai wucewa ta sama, ta tsallakar da shi layin dogo ta sauke shi wajen Oke-Koto. Wannan kam sai a ce madalla.

To amma fa cunkoson bai mutu ba, ƙaura ya yi. Gada tana kwaso motoci da gudu ta juye su a titin da bai kai ta ɗauka ba. Nan danfo zai tsaya lodi, keke ya gitta, mai talla ya kasa kaya, sai ka ga gosulon da aka kora daga mashigin jirgi ya sake haɗuwa a gindin gada. Direban danfo ba don mugunta yake tsayawa nan ba. Nan fasinja yake. In ba a ware masa tasha mai kyau a kusa ba, ko jami'an LASTMA nawa aka zuba, suna juya baya zai dawo.

Akwai kuma abin da masana sufuri suka daɗe suna faɗa: in ka faɗaɗa titi, ka gayyato sababbin motoci. Wanda a da yake barin motarsa a gida saboda tsoron hanya, yanzu zai fito da ita. A Houston ta Amurka an faɗaɗa babban titin Katy, aka gama a 2008, ba a yi shekaru da yawa ba cunkoson ya dawo. Balle mu da kullum jama'a ke ƙaruwa a Agbado, Ijaiye da Sango Ota, kuma yawancinsu da asuba Ikeja da Oshodi suke nufa.

Sai batun da ya fi shafar mu. Akasarin mutanenmu ba masu mota ba ne. 'Yan kasuwa ne, masu goro, mahauta da ke zirga-zirga zuwa mayankar Oko-Oba, 'yan dako da masu tura baro. Aikin ya ci shaguna, kuma mai haya ko mai tebur ba shi da takardar fili da zai nuna a biya shi diyya. Sannan motar da ta bi ta sama ba ta tsayawa cinikin komai a ƙasa. Ashe lissafin riba bai cika ba in mintocin mai mota kaɗai aka ƙirga, aka manta da dattijon da zai tsallaka titi zuwa masallaci da yaran da ke dawowa daga Islamiyya.

A ganina abin da ya fi gada tasiri shi ne motocin BRT na Oshodi zuwa Abule Egba da suka fara a 2020, da jirgin Red Line na Agbado zuwa Oyingbo da ya fara ɗaukar fasinja a Oktoban 2024, mai tasha a nan Agege. Bas ɗaya na kwashe mutanen da ƙananan motoci da yawa za su ɗauka. Amma sai jirgi ya yawaita sawu, kuɗinsa ya yi daidai da aljihun talaka, kafin mutum ya yarda ya bar danfo.

Don haka kiranmu ga gwamnatin jiha da ƙaramar hukuma: a samar da wurin lodi a gindin gada, a gyara titunan cikin unguwa da magudanan ruwa, a yi wa masu ƙafa wurin tsallakawa. Mu ma da namu: kasa kaya a kan kwalta ba sana'a ba ce, ganganci ne. Shugabannin kasuwa da fadar Sarkin Hausawa su riƙa halartar zaman da ake yi kafin a fara aiki, domin in an riga an shafa jan fenti a bango, kuka ba ya mayar da katafila baya.

Allah Ya tsare mu a hanya, Ya sa mu koma gida lafiya.