Reshen Batman A Talabijin: Sharhi A Kan The Penguin

Abin da nake so mu duba shi ne wata al'ada ta kamfanonin silima na Amurka, wato da zarar fim ɗin wani jarumi ya yi kasuwa sai su yanko masa reshe su dasa a talabijin. Zatonsu shi ne barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, alhali kuwa sau da yawa ɗan ko miƙewa ba ya yi.

Mu ɗauki The Batman na Matt Reeves, wanda ya fito a 2022. Tun 2020 aka yi shelar wasa a kan 'yan sandan birnin Gotham, marubucinsa Terence Winter ya janye, maganar ta mutu. Na gidan mahaukata na Arkham ya bi sahu a 2024. The Penguin ne ya kai labari, kashi takwas a tashar HBO cikin 2024.

A ganina dalilin nasararsa shi ne Lauren LeFranc, wadda ta jagoranci rubutun, ta gane cewa dambe da tseren mota suna iya riƙe mai kallo awa uku, amma ba sa riƙe shi mako takwas. Sai ta ajiye Batman gaba ɗaya, ko sau ɗaya bai fito ba, ta kama halin Oz Cobb, ɗan daba mai ɗingishi da Colin Farrell ya taka. Jigon wasan shi ne yunwar ƙauna, domin kuwa tun yana yaro Oz ya kulle 'yan'uwansa biyu a magudanar ruwa suka halaka, uwarsu ta zama tasa shi kaɗai.

Sai dai akwai rauni. Bam ya tashi a unguwa guda, gawawwaki sun zube, dole mai kallo ya tambaya, shin ina mai gadin garin ya shiga?

Game da ci gaba kuwa, ina shakka. Oz ya shaƙe Victor, yaron da ya sa muke tausaya masa, don haka ba sauran wanda cin amanarsa zai girgiza mu. Idan da toho, yana wajen Sofia Falcone, rawar da ta jawo wa Cristin Milioti lambar Emmy a 2025, wadda aka mayar Arkham tana riƙe da wasiƙar 'yar ubanta Selina Kyle.