Uzurin "An Umarce Ni": Tsokaci a kan Littafin Browning game da Kisan Ƙare Dangin Yahudawa

Kisan ƙare dangin da gwamnatin Nazi ta Jamus ta yi wa Yahudawan Turai a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ya laƙume rayuka kusan miliyan 6. Adadi irin wannan yakan sa mai nazari ya ɗauka cewa waɗanda suka aikata shi wasu halittu ne daban, ba 'yan Adam irinmu ba. Wannan zaton ne masanin tarihi ɗan Amurka, Christopher Browning, ya rushe a littafinsa mai suna Ordinary Men, wato mutane gama-gari, wanda ya fito a 1992.

Marubucin ya taƙaita bincikensa a kan runduna guda, wato Bataliya ta 101 ta 'yan sandan ko-ta-kwana daga birnin Hamburg, mai mutum kusan 500. Galibinsu magidanta ne da shekarunsu suka wuce na zuwa fagen daga: leburori, direbobi, ƙananan ma'aikata. Madogararsa ita ce bayanan mutum 210 daga cikinsu, waɗanda masu gabatar da ƙara a Hamburg suka yi wa tambayoyi tsakanin 1962 da 1972.

Ƙashin bayan littafin shi ne abin da ya faru ranar 13 ga Yuli 1942 a ƙauyen Jozefow na ƙasar Poland. Da sanyin safiya kwamandan bataliyar, Manjo Wilhelm Trapp, ya tara mutanensa cikin hawaye ya shaida musu aikin da aka ɗora musu: a ware mazan da za su iya aikin ƙarfi, a harbe mata da yara da tsofaffi. Sannan ya ce duk wanda bai ji zai iya ba daga cikin masu manyan shekaru, ya fita daga sahu. Mutum goma sha biyu ko makamancin haka ne suka fita. Kafin dare an kashe Yahudawa kusan 1,500 a dajin da ke kusa da ƙauyen. Zuwa ƙarshen 1943 bataliyar ta harbe aƙalla mutum 38,000, ta kuma cusa wasu 45,000 a jiragen ƙasa zuwa sansanin kisa na Treblinka.

Ƙarfin littafin yana cikin tambayar da ya fitar daga wannan waƙi'a. Uzurin da makasa suka fi kawowa bayan yaƙin shi ne cewa da sun ƙi bin umarni, da su ma an kashe su. To, ga runduna an ba ta zaɓi a fili, waɗanda suka janye kuma ba a harbe su ba, ba a ɗaure su ba. Iyakar abin da ya same su shi ne zagi da gori. Ashe ba tsoron mutuwa ne ya riƙe sauran a sahu ba. Browning ya nuna cewa abin da ya riƙe su shi ne gudun a kira su matsorata, da kunyar barin abokai da aikin, da ɗabi'ar miƙa wuya ga na gaba, da farfagandar shekaru wadda ta mayar da Bayahude abokin gaba. Ya kuma nuna yadda zuciya take bushewa da maimaici: waɗanda suka yi ta amai a Jozefow, bayan 'yan watanni wasunsu da kansu suke neman a sa su cikin masu farautar Yahudawan da suka ɓuya a dazuka.

Duk da haka akwai abin dubawa. Shaidun littafin kusan dukkansu masu laifin ne, suna magana gaban masu bincike bayan fiye da shekara ashirin, kuma sun san cewa a dokar Jamus amsa cewa ƙiyayyar jinsi ce ta motsa su zai tsananta tuhumarsu. Ba mamaki su yawaita ambaton matsin abokai, su taƙaita ambaton ƙiyayya. Marubucin ya san da wannan, ya kuma yi gargaɗi a kansa, amma hukuncinsa ya ɗan karkata ga abin da suka yarda su faɗa. Daga nan ne Daniel Goldhagen ya yi masa raddi a 1996, inda ya mayar da komai ga ƙiyayyar Yahudawa da ta yi jijiya a al'ummar Jamus. Raddin ya wuce gona da iri, domin ya kasa bayyana dalilin da ya sa waɗanda ba Jamusawa ba suka taya kisan, amma ya taɓo gurbi na gaske. Gurbi na biyu shi ne ƙarancin muryar waɗanda aka kashe: mai karatu zai san halin makasan sosai, mutanen Jozefow kuwa sai a matsayin adadi. Saboda haka ya dace a haɗa karatunsa da shaidar waɗanda suka tsira, irin su Primo Levi.

Ga ɗalibin fiƙihu, littafin ya faɗo kai tsaye cikin babin ikrahi. Malamai sun haɗu a kan cewa tilastawa, ko da barazanar kisa ce, ba ta halatta wa mutum zubar da jinin wanda bai ji ba bai gani ba, domin ransa bai fi na wancan daraja ba. Idan wanda aka ɗora wa takobi a wuya bai da wannan rangwame, ina ga wanda gori kawai yake gudu? Fa'idar Browning ita ce nuna cewa sanin hukuncin bai wadatar ba, matuƙar ba a tarbiyyantar da mutum ya iya tsayawa shi kaɗai a gaban jama'arsa ba.

Wanda ya musanta wannan kisa, ko ya raina shi saboda wata rigimar siyasa ta yau, ya zalunci matattu, ya kuma haramta wa kansa darasin. Littafin ya cancanci a karanta shi a azuzuwan akhlaƙ da na tarihi, tare da lura da iyakokin da aka ambata.